Layukan da Ban Karanta wa Baba Ba

Duvu, Mubi ta Kudu
9 ga Yuli

Zuwa ga Bappa Abdulmumini, Jalingo

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da mutanen gidanka, da fatan damina ta same ku lafiya. Mu ma lafiyarmu lau, sai dai Inna da gwiwa ke damunta idan aka kwana ana ruwa.

Bappa, ba lalle ne ka tuna da ni ba. Ni ce Huda, 'yar Sajo ɗan gwaggonka Adi, Allah ya ji ƙanta. Shekarata biyar lokacin da aka gudu daga Mubi, kai ka wuce Jalingo ba ka dawo ba. Yanzu ina aji biyar a sakandare. Baba ya ce ƙarar guduma da ta bindiga sun kashe maka kunne, waya ba ta yi maka amfani, shi kuma ba ya rubutun boko. Shi ya sa ya ce in rubuto. Ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba in ba a jarrabawa ba, don haka ka yi haƙuri da kuskurena.

Maganar a kan bindigar tokar da ka ƙera masa ce tun kafin ya auri Inna. Gonarmu tana gindin dutse, masara ta fara goyo, birai kuma suna saukowa da rana tsaka kamar gonar ubansu. Da bindigar nan kaɗai yake korarsu. To bana ta fara ba shi wahala ta hanya biyu.

Ta farko, ba ta tashi da wuri. Idan ya ja kunama sai a ji ƙyas, shiru, sai can ta tashi. Ranar Talata wani babban gwaggon biri ya zauna a kan dutse yana cin masararmu yana kallonsa. Baba ya saita, ya ja, ba ta tashi ba. Ya sauke ta yana tsaki, sai ta tashi, harsashin ya shiga ƙasa kusa da ɗan yatsan ƙafarsa. Maƙwabcinmu na gona, Malam Tizhe, ya ce da farko ya yi dariya, da ya ga ramin sai dariyar ta tsaya.

Ta biyu, ko ta tashi ba ta samun abin da aka nufa. Baba yana zuba mata guntayen rodi da ƙwayayen ƙarfe na keke. Idan ya girgiza ta ana jin su suna kaɗawa a ciki. Ya ce in tambaye ka ko ƙara albarushi zai yi, don haka abokansa suka ba shi shawara.

Bappa, ni tsoro nake ji, amma ban gaya masa ba. Idan masarar nan ta tafi ba mu da wata, idan kuma ya ci gaba da fita da bindigar a haka ban san abin da zai faru ba. Don Allah ka ba da amsa ta hannun Levi direba, wanda ya kawo maka wannan. Duk mako biyu yake zuwa Jalingo.

'Yarka,
Huda Sajo

*

Jalingo
18 ga Yuli

Huda 'yata,

Wa alaikumus salam. Na tuna da ke sarai. Ke ce mai ɓuya a bayan zanen uwarki idan na shigo gida. Rubutunki ya fi na malamin da ya koya mini a ajin yaƙi da jahilci. Ki gaishe da Innarki, ki ce ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Ni lafiya, sai kunne da ya riga ni tafiya.

Kada ya ƙara albarushi ko ƙwaya ɗaya. Abokan nasa ba su san komai ba.

Jinkirin tashi abu biyu ke kawo shi, datti da sanyin damina. Ya wanke bututun da ruwan zafi har sai ruwan ya fito fari, ya shanya a rana har ya yi zafi a hannu, sannan ya shafe shi da ɗan mai. 'Yar ƙofar nan da wuta ke bi ta shiga ciki, ya sa siririyar waya ya buɗe ta, ya hura daga baki ya ji iska na fita. Albarushi ya zauna a kwalba mai murfi, a rataye, ba a ƙasa ba. Kada bindiga ta kwana da ɗuri a damina. Idan kuma ta yi ƙyas ba ta tashi ba, ya riƙe ta yadda take, bakinta na kallon daji, ya ƙirga ɗari kafin ya sauke.

Harsashi kuwa, rodi abincin magina ne, ba na bindiga ba. Ya narka dalma ya zuba dunƙule guda, ya ɗan gaza faɗin bututun kaɗan. Ya yanki ƙyalle mai ƙarfi, ya shafa masa man kaɗe, ya ɗora a bakin bindiga, ya sa dunƙulen a kai, ya tura da sanda har sai ya ji ya zauna a kan albarushi. Ƙyallen ne zai cike gefe, ƙarfin wuta ya tsaya a bayan harsashi maimakon ya zurare. A nan take samun saiti.

Yanzu ga saƙona na musamman zuwa ga wannan bawan nawa. Kin san uwarsa ƙanwar ubana ce, taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka ni ne ubangidansa har abada. Ki karanta masa da ƙarfi.

Kai Sajo, ƙazamin banza, mai kunnen ƙashi. Na san tun da na bar Mubi ba ka wanke bindigar nan ba, kamar yadda ba ka wanke wuyanka. Kai da ka taɓa gudu ka bar takalmi saboda zomo ya motsa a ciyawa, yau kai ne maharbi? Saurara, wawa. Bututun nan daga sitiyarin tsohuwar mota na yanke shi shekara ashirin da shida da suka wuce. Abin da ya sa bai kashe ka ba har yau, harsashinka sako-sako ne kamar hankalinka, ƙarfin yana tserewa ta gefe. Ranar da ka matse harsashi, duk ƙarfin zai tsaya a gindin bututu. Kafin ka yi ko ɗaya daga abin da na faɗa a sama, ka cire bututun daga katako, ka juya ka duba ƙarƙashinsa. In ka ga tsatsa ta ci rami ko tsaga komai ƙanƙantarta, ka rataye ta a bango kusa da kai, tsoho da tsohuwa. In ba ka ga komai ba, ka ɗaure ta a bishiya, ka ja kunama da doguwar igiya kana bayan dutse, sau uku. Ɓuya a bayan dutse ai ka iya tun muna yara.

Ki ce masa Levi ya kawo mini ɗanyar masara, haƙƙin ubangida ne.

Bappanki,
Abdulmumini Maƙeri

*

Duvu
3 ga Agusta

Bappa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta gode, ta ce gashin ya yi mata amfani. An ba mu hutu, na zo ta uku a ajinmu.

Wasiƙarka ta zo ranar Juma'a, na karanta wa Baba a tsakar gida. Washegari muka wanke bututun, ni ke zuba ruwa shi yana riƙe. Sai da muka dafa tukunya huɗu kafin ruwan ya daina fitowa baƙi. Da ya tura waya a ƙofar wutar wani abu ya faɗo kamar busasshen kashin ɓera, ya ɗaga shi yana nuna wa Inna. Ya samo dalma, ya zuba dunƙule goma sha biyu, Inna ta ba shi tsohon zanenta ya yanyanka.

Bappa, yanzu tana tashi nan take. Ya kifa ƙwarya a kan kututture, ya ja baya taki arba'in, ya fasa ta. Malam Tizhe ya ce, “Sajo, ashe ba idonka ba ne ya lalace!” Baba ya ce, “Idona ƙalau, yana ganin har masarata da ke shiga buhunka.” Na daɗe ban ga Baba yana dariya haka ba. Kwana biyar ke nan birai ba su sauko ba.

Akwai abin da zan faɗa maka, kunya nake ji. Ban karanta masa saƙonka na musamman ba. Da na kai wurin, idona ya riga bakina, na ga kalmomin da ke ciki. Inna na zaune, Malam Tizhe na bakin zaure yana ji. Na san wasa ne a tsakaninku, amma daga bakina za su fito, kuma fuskar Baba nake kallo. Ya ce, “Shi ke nan?” Na ce, “Sai gaisuwa, kuma ya ce a kai masa masara.” Na naɗe takardar.

Na fahimci akwai gargaɗi a ciki. Na yi niyyar in faɗa masa da kalmomina idan muna mu biyu. Ranar da muke wankin bututun na ce, “Baba, ba za ka cire katakon ba?” Ya ce ƙusoshin sun kama, in aka taɓa su katakon zai tsage. Jiya kuma na ce, “Baba, bindigar nan ba ta tsufa ba?” Ya ce, “Ni ma na tsufa, kin ga an jefar da ni?” Ya yi dariya, ni ma na yi. Idan na ce kai ka faɗa, zai tambayi dalilin da ya sa ban karanta ba tun farko, ya gane na yi masa ƙarya.

Don Allah ka sake rubuta wannan ɓangaren a wata takarda, ba tare da wasan ba, yadda zan iya karantawa. Sau tara ya harba ta ba abin da ya faru, wataƙila lafiyarta lau. Levi zai kawo maka masara ashirin, Baba da kansa ya zaɓa.

'Yarka,
Huda

*

Jalingo
12 ga Agusta

Huda,

Ban da lokacin doguwar gaisuwa, Levi na jira a tasha.

Ki ajiye kunya. Yau, ba gobe ba. Harbi tara ba shaida ba ce, ƙarfe yana haƙuri ne har ranar da zai daina. Na sa maƙwabcina ya kira lambar babanki da Levi ya ba ni, sau shida, ba ta shiga.

Ga shi yadda kika roƙa, ki karanta masa:

Sajo ɗan'uwana, don Allah kada ka sake ɗura bindigar nan. Bututun ya tsufa, harsashi matsattse zai iya fasa shi a hannunka. Ka cire shi daga katako ko da katakon zai tsage, ka duba ƙarƙashi. Zan ƙera maka sabon bututu, ƙarfen yana nan a maƙerata. Ka kori birai da gwangwani da majajjawa har in aiko. Ni ne Abdulmumini.

In ya ƙi ji, ki ɗauki kwalbar albarushin ki zuba mata ruwa. Ya yi miki faɗa, faɗa ba ya cire hannu.

Bappanki

*

Duvu
6 ga Satumba

Bappa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ba mu da lafiya.

Jiya wasiƙarka ta iso. Motar Levi ta lalace a Yola, ta yi mako uku a wurin makanike, takardar tana cikinta. Da ya kawo bai shigo ba, ya tsaya a waje yana juya hularsa a hannu, don ya riga ya ji labari.

Ranar ashirin da ɗaya ga Agusta da hantsi birai suka dawo da yawa. Ina gida ina tankaɗe. Na ji ƙarar, kuma tun daga nan na san ba irin ta kullum ba ce. Malam Tizhe ne ya fara isa wurinsa. Ya ce bututun ya tsage ta ƙarƙashi, daidai inda hannun hagu ke riƙewa. Ya yage rigarsa ya ɗaure masa dantse, ya ɗora shi a babur, wani ya hau baya ya tallafe shi har asibiti a Mubi. An cire hannun daga wuyan hannu. Guntun katako ya yanke masa kumatu, amma Allah ya tsare idon. Kwana goma sha ɗaya muka yi, yanzu muna gida, ana kai shi wankin ciwon duk kwana uku.

Malam Tizhe ya kawo abin da ya rage na bindigar a buhu. Na duba lokacin da ba kowa. Ƙarƙashin bututun duk ramuka ne, tsatsa ta cinye shi, wani wurin bai fi kaurin farce ba. Da an cire katakon, makaho ma zai ji da yatsa.

Bappa, abin da ya fi damuna shi ne wannan. Baba yana cewa kai ne. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa, “Shekara ashirin da shida ina harba ta da rodi ba ta taɓa ni ba. Abdulmumini ya ce in matse mata harsashi. Shi ya ƙera ta, ya san abin da ke cikinta, bai ce mini komai ba.” Ya ce kada a sake ambaton sunanka a gidan nan. Ba da wasa yake faɗa ba, na san muryarsa ta wasa. Wannan wasiƙar ma a ɗakin girki nake rubuta ta.

Ni ce ke ba shi abinci, ni ke zuba masa ruwan alwala. Yana cewa, “Allah ya yi miki albarka, Huda, ke kaɗai ce ba ki gaji da ni ba.” Idan ya faɗi haka sai in fita in tsaya a bayan rumbu. Takardunka biyu suna cikin littafina na lissafi. Sau uku na ɗauko su na mayar.

Ban san abin da zan yi ba. Ka gaya mini.

Huda

*

Jalingo
15 ga Satumba

Huda 'yata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta a tsaye a bakin maƙera. Kwana biyu ban hura wuta ba. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku haƙuri, ke da Innarki. Ki gode wa Tizhe a madadina.

Ki saurare ni. Shekara hamsin ina wannan sana'a. Duk wanda ya kawo mini tsohuwar bindiga, abin da nake fara yi shi ne in cire katako, kafin ma in amsa gaisuwarsa. Amma da na zo rubutu sai na sa magani a gaba, gargaɗi a baya, na kuma naɗe gargaɗin da zagi, na miƙa wa yarinya ta karanta wa ubanta. Shekara goma sha ɗaya ban tsokane shi ba, bakina ke ƙaiƙayi. Na yi kewarsa ne, ban san wata hanyar faɗa ba. Wannan ba laifinki ba ne. Babu 'yar kirki da za ta kalli ubanta ta kira shi wawa, ko da aron baki ne.

Don haka ga shawarata. Ki sa takardun nan biyu a murhu. Ki bar shi ya yi fushi da ni. Ni ina nesa, kuma kurma ne, duk abin da ya faɗa ba zai iso ba. Mutumin da ya rasa hannu yana bukatar wanda zai ɗora wa laifi, kuma yana bukatar wanda zai zuba masa ruwa. Kada su zama mutum ɗaya. Taubashi ana iya rayuwa babu shi, 'ya kuwa ba a iyawa.

Ki koma makaranta idan an buɗe. Na ba Levi man kaɗe mai kyau, a riƙa shafa wa tabon kumatun idan ya warke. Kada ki ce daga wurina ne.

Ba sai kin sake rubutowa ba in zai jawo miki magana. Levi zai riƙa ba ni labari.

Bappanki,
Abdulmumini

*

Duvu
2 ga Oktoba

Bappa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Ciwon Baba yana kamewa, an daina wanki. Malam Tizhe da mutanen unguwa sun taru sun girbe mana abin da birai suka bari, buhu huɗu da rabi. Na koma makaranta.

Ka yafe mini, ban bi shawararka ba. Na kai takardun bakin murhu, amma na kasa. Ranar Asabar wani baƙo daga Mayo Bani ya zo dubiya, ya ce dama an san maƙeran da suka bar gari ba su da amana. Baba bai musa ba. Na ga maganar ta fara fita daga gidanmu tana yawo, kuma ni na sake ta.

Da baƙon ya tafi, bayan la'asar, Baba na kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, Inna na tsince wake. Na durƙusa na ce, “Baba, akwai sauran wasiƙar Bappa da ban karanta maka ba.” Ya ce, “Na hana a ambace shi.” Na ce, “Ta farkon ce, Baba. Ranar da na ce sai gaisuwa, ba gaskiya na faɗa ba.”

Sai na fara. Na karanta duka, da ƙazamin, da zomon, da wawan. Inna ta ce, “Ke Huda!” Baba ya ɗaga mata hannu. Da na kai wurin cire katako na tsaya, na sake farawa. Sannan na karanta ta biyun, wadda ta makale a Yola. Ta ƙarshen ban yi niyya ba, amma ya ce, “Akwai wata?” Na ce akwai. Ya ce in karanta.

Da na gama ya daɗe yana kallon ganyen mangwaro. Sai ya ce, “Ranar da muke wanke ta kin ce in cire katako.” Na ce e. Ya ce, “Na ce me?” Na ce, “Ka ce zai tsage.” Ya juya ya fuskanci katanga. Na jira ya yi mini faɗa, bai yi ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku bai yi mini magana ba. Idan na kawo buta sai ya ce wa Inna ta karɓa. Ranar Laraba na dawo daga makaranta na same shi yana ƙoƙarin ɗaure igiyar akuya da hannu ɗaya da haƙori. Na tsaya nesa. Ya yi ya yi ta ƙi. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Za ki tsaya kallo ne?” Na zo na ɗaure. Ya ce, “Ko da kin karanta ranar nan, da dariya zan yi in ce Abdulmumini ya fara ruɗewa. Ba ki san ubanki ba ne?” Bappa, ban sani ba ko gaskiya ce ko tausayina ya ji. Na yi ta tunani, ina jin ba zan taɓa sani ba. Har yanzu bai koma kirana yadda yake kirana da ba, kuma idan hannun rigarsa ya faɗo wofi ina kawar da kai.

Yau ya ce in ɗauko biro. Yana zaune a gabana yanzu, ga saƙonsa yadda ya faɗa:

“Kai Abdulmumini, tsohon kurma. Sitiyarin mota ka ba ni na yi shekara ashirin da shida ina kira bindiga, ka ci amanar bawanka. Zomon nan kuwa kai ka fara gudu, ni takalminka na tsaya ɗauka. Sabon bututun da ka ce za ka ƙera, ka bar shi, ba ni da inda zan ɗora shi. Ka ƙera mini fartanya mara nauyi, mai gajeriyar ƙota, wadda mutum zai iya da hannu ɗaya. Kada ka ba Levi. Ka kawo da kanka, in ƙafarka ba ta mutu tare da kunnen ba. Abin da na faɗa a kanka a gaban mutane, a gabansu nake so in janye, kana zaune, ko ba ka ji.”

Na ɗauka ya gama. Sai ya ƙara da cewa, “Ki ce masa ya zo kafin a fara sharar gona. Ban san ta inda zan fara ba.”

'Yarka,
Huda